Daga Buroshi Zuwa Injin Fileks: Tarihin Rubutun Allunan Talla a Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Masu nazarin tarihin rubutun Hausa sun fi mai da hankali ga littafi da jarida, watau abin da ya fito daga Hukumar Talifi da Kamfanin Gaskiya da magadansu. Wannan kuwa ba laifi ba ne, domin can ne aka aza harsashin ƙa'idojin rubutu. Sai dai akwai wani rubutun da ya fi littafi yawan masu karatu nesa ba kusa ba, shi ne wanda ake gani a goshin kanti da jikin mota da bangon makaranta da bakin hanya. Manomin da bai taɓa sayen jarida ba yakan karanta shi kowace ranar kasuwa, yaro ma da shi yake gwada bakinsa kafin ya iya haɗa jimlar littafi. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun kayan aikin da aka yi wannan rubutu da su a kudu maso yammacin ƙasar Katsina, a kuma nuna cewa duk lokacin da kayan aikin suka sake, hannun da ke riƙe da ƙa'idar rubutun Hausa a idon jama'a shi ma sakewa yake yi. An zaɓi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ne saboda mazaɓa guda ce ta Majalisar Wakilai ta Tarayya, kasuwanninsu a haɗe suke, sa'an nan sunan ɗaya daga cikinsu ya ishi mai nazari misali, tun da yake baƙaƙe biyu masu lanƙwasa ne a cikinsa.

Kafin allo ya hau goshin kanti

Kasuwar Bahaushe ta dauri ba ta bukaci rubutu ba. Kowace sana'a da layinta, mai neman fata ya san inda dukawa suke, mai neman nama ya san rumfar mahauta, baƙo kuwa dillali ne jagoransa. Talla da baki ake yin ta, shelar sarki kuma aikin sanƙira ne. Sunayen garuruwa irin su 'Yankara da ke ƙasar Faskari da 'Yargoje da ke ƙasar Ƙanƙara suna tuna wa mutum zamanin da suna ke yawo a baki, babu mai tunanin yadda za a sa masa ɗan wakafin nan na gaban y.

Amma fa wannan ba ya nufin babu gwanintar rubutu da zane. Makarantar allo ta daɗe tana horar da hannu. Almajiri yakan fere alƙalaminsa da kansa, ya dafa tawadarsa da gawayi da ƙaro, ya koyi daidaita layi a kan allo ba tare da wani ma'auni ba. In ya kai sauka, a yi masa allo mai zayyana da launuka. Magina kuma suna da nasu zanen, kamar yadda ake gani a gidajen Zariya da Kano, inda dagi da sauran siffofi suka ƙawata fuskar zaure, har daga baya keke da mota suka shiga cikin zanen. Saboda haka da sana'ar rubutun talla ta zo, ta tarar da ido da hannu a shirye. Kalmomin da aka karɓe ta da su ma na gida ne. Allon almajiri shi ya ba da sunansa ga baƙin allon makarantar boko, shi ne kuma ya ba allon talla, ita tallar kuwa ta tashi daga muryar yarinya mai ɗauke da faranti ta koma kan katako.

Auduga da jirgi da boko

Abubuwa uku ne suka kawo allon rubutu wannan yanki. Na farko auduga. Ƙasar nan mai laka ce da ruwan sama isasshe, shi ya sa Turawa suka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, suka kuma yi gonar irin auduga a Daudawa cikin ƙasar Faskari. Na biyu jirgin ƙasa, wanda reshensa ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Tasha da sito da filin awo da kantunan kamfanoni, kowanne da allonsa, kuma galibi da Turanci, domin ba don manomi aka rubuta su ba. A wannan zamani ne aka kafa wa sunayen garuruwa rubutun da har yau suke fama da shi: Funtua babu w, Zaria babu y, Kankara babu lanƙwasa ko ɗaya.

Ya kamata a yi wa masu rubutun wancan lokaci adalci. Sa'ad da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubuta Hausa a 1912, baƙaƙe masu lanƙwasa ba su samu ba tukuna. Wasu kan sa wakafi a gefen harafi, wasu kan ɗiga masa ɗigo a ƙasa, da yawa kuma ba sa sa kome. Sai a shekarun 1930, zamanin da R. M. East ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da ƙ da ɗ da ɓ, aka kuma bar c ita kaɗai a inda ake rubuta ch. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ita ta yaɗa wannan rubutu. To amma taswira da takardun ofis sun riga sun bushe. Shi ya sa har yanzu ake ganin Charanchi da Bauchi a allunan gwamnati, shi ya sa kuma mai gidan abinci ke rubuta abinchi yana ganin ya bi manya.

Abu na uku shi ne boko ya sauka ƙauye. Yaƙi da Jahilci na farkon shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Coomassie ya yi fice wajen tafiyar da shi, ya samar da manya masu iya haɗa baƙi. Hukumar NORLA, kafin a rufe ta a 1959, ta riƙa buga wa larduna jaridunsu, Lardin Katsina kuwa Himma ce tasa. Daga nan ne rubuta wa talaka sanarwa da Hausa ya zama abu mai amfani.

Siyasa ma ta taimaka, ko da yake da hoto ta fara. A zaɓen 1959 kowane ɗan takara da akwatinsa, a jikin akwatin kuma alamar jam'iyya ce, fartanya ga NPC, tauraro ga NEPU. Mai zanen da ya iya fartanyar da ba za a ɗauke ta gatari ba ya sami abin yi.

Zamanin mai buroshi

Daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen na 1990 sana'ar tana hannun mutum guda ne da yaransa, wanda ake kira mai zane ko mai fenti, 'yan birni kuma su ce atis. Jarinsa kaɗan ne: gwangwanayen fentin mai, da buroshi manya da ƙanana, da kananzir na tsinka fenti da wanke buroshi, da alli, da zare, da katakon awo. Kafinta ya haɗa masa firam, a buga falanki ko fallen kwano a kai. Sai ya shafa farin fenti na share fage, ya bari ya bushe, ya ƙara na biyu. Daga nan ya turmuza zare cikin garin alli, yara biyu su ja shi, ya ɗaga tsakiyarsa ya saki, layi ya fito sambal. Tsakanin layi biyu zai zana baƙaƙe da alli, ya ƙidaya su tukuna don kada na ƙarshe ya rasa wuri, sa'an nan ya bi su da fenti. Gwani ana gane shi ne a tazarar da ke tsakanin baƙaƙe da kuma inuwar da yake yi musu ta gefe guda don su taso. Wanda bai ƙware ba kuwa allonsa ke tona shi, baƙaƙen farko manya, na ƙarshe a matse kamar fasinjan bayan a-kori-kura.

Bango kuma farar ƙasa ake fara shafa masa. A nan Ƙanƙara tana da abin faɗi, domin an san ta da arzikin farar ƙasa, irin wadda masana'antu ke sawa cikin fenti da alli da takarda.

Shekarun 1970 su ne kakar wannan sana'a. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, a ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, mil kuma ya ba kilomita wuri. Kowanne daga cikin waɗannan ya sa an goge allo an sake rubutu. A tsakiyar shekarun ne aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ga cibiyoyin sayar da taki, ga hanyoyin karkara, kowanne da allonsa. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aka kuma soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka tsiro a ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba. Zaɓen 1979, wanda shi ne babban zaɓe na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a, ya cika bango da gida da masara na NPN da mabuɗin PRP, a lokacin yankin yana cikin Jihar Kaduna, inda Alhaji Balarabe Musa ya ci gwamna. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba 1987, sai da aka bi kowace makaranta da asibiti da motar hukuma aka shafe Kaduna aka rubuta Katsina. Sabuwa ma da ta sami ƙaramar hukumarta a 1996 haka aka yi.

Motocin katako masu jigilar hatsi da shanu daga kasuwanni irin su Sheme su ne fagen da mai buroshi ya fi sakin hannunsa. A goshi a rubuta addu'a ko karin magana, a baya a zana zaki ko dawisu ko masallaci. Mai mota ne ke zaɓen magana, amma mai zane ne ke zaɓen yadda za ta zauna, sau da yawa har da ajami a sama, boko a ƙasa.

Abin lura a nan shi ne, lanƙwasa ba ta taɓa zama wahala ga buroshi ba. Juya hannu ne kawai a saman k ko d. In an ga allon wancan zamani babu ita, to mai rubutun ne bai koya ba, ko kuwa ya kwaikwayi allon gwamnati. Wanda ya yi ajin Yaƙi da Jahilci ko ya saba da Gaskiya Ta Fi Kwabo yakan sa ta, domin ya san masaukin baƙi daban, masaukin baki kuwa ba shi da ma'ana, ya san maganin ciwon ƙafa ba na kafa ba ne. A daidai wannan lokaci akawu a ofis yana fama da tafireta wadda ba ta da waɗannan baƙaƙe, sai ya gama bugu ya bi su da biro, in ya tuna. Watau a tsawon shekarun nan mai fentin bakin tasha ya fi injin ofis iya rubuta Hausa. Tarurrukan daidaita ƙa'idoji da aka yi a Bamako a 1966 da Kano a 1972 da Yamai a 1980 sun yi wa malamai da mawallafa magana ne, amma hukuncinsu ya fi sauƙin zartuwa a hannun mai buroshi, da an isar masa.

Yankan takarda da raga da roba

Matakin farko na rabuwar hannu da harafi shi ne yankakken kwali. Mai zane ya zana baƙaƙe a kwali ko tsohon fim ɗin hoton asibiti, ya yanke cikinsu da reza, ya ɗora a bango ya dangwala fenti da soso. Da wannan ake lambar kujerun makaranta da buhuna da gidaje, aiki ɗari da yanka guda. Amma harafi mai rufaffen ciki, kamar b da d, sai an bar masa 'yar gada don kada cikin ya faɗo, lanƙwasa kuwa siririya ce, ita ke fara yagewa. Kuskuren da aka yanka sau ɗaya kuma sau ɗari zai fito.

Sai bugun raga, wanda aka fi sani da sikirin. A ɗaure ƙyalle mai ƙananan ramuka a firam na katako, a toshe ko'ina da wani sinadari ban da inda ake son tawada ta ratsa, a shimfiɗa shi a kan riga ko yadi, a ja tawada da faffaɗar roba. Kowane launi da ragarsa. Da shi aka yi bajon makarantu da rigunan 'yan ƙwallo da tutocin dokin SDP da mikiyar NRC a farkon shekarun 1990. Hotunan 'yan takara na takarda kuwa, waɗanda ake liƙawa da sitaci, aikin maɗaba'a ne a Zariya ko Kaduna ko Kano. Su ake kira fasta, jam'insu fastoci, wanda ya yi karo da jam'in limaman coci, sai dai zance ya raba.

A Amurka kuwa, a farkon shekarun 1980 kamfanin Gerber ya fitar da injin da ke yanka baƙaƙe daga robar liƙawa, ƙaramar wuƙa tana bin umurnin na'ura. A 1989 wani kamfani a Kanada ya fitar da manhajar zane ta CorelDRAW, wadda har yau ita ce gatarin masu wannan sana'a a Nijeriya. Da waɗannan suka iso biranen Arewa, aikin ya rabu biyu: wani ya tsara a kwamfuta, inji ya yanka, yaro ya tsince ragowar roba da tsinke, ya ɗauke baƙaƙen da tef ya manna a allo ko gilashi. A nan ne harafi ya bar hannun mai zane ya koma cikin jerin da wani ya tsara a wata ƙasa, wanda bai taɓa jin akwai ƙ ba. Zuwan wayar salula a 2001 ya ba masu buroshi ɗan jinkiri, domin kamfanonin waya sun yi ta fente rumfuna da bangaye da launukansu, amma tambari da siffar harafi daga hedkwata suke zuwa, ba a yarda a taɓa su ba.

Injin fileks

Babban injin bugu mai faɗi ya bazu a biranen Arewa cikin shekarun 2000, zaɓukan 2011 da 2015 kuma sun same shi ya zama ruwan dare. Asalin fasahar irin ta ƙaramar firintar ofis ce mai fesa tawada, an dai faɗaɗa ta. Akwai mai faɗin ƙafa shida, akwai mai ƙafa goma. Kamfanonin Japan irin su Roland da Mimaki da Mutoh su ne suka yi suna, amma abin da ƙaramin ɗan kasuwa ya fi iya saye shi ne ƙirar Sin, wadda akan ɗora wa kan fesa tawada na Epson ko Konica Minolta. Wannan kai shi ne ran injin, shi ne kuma mafi saurin lalacewa. Yana kai da kawowa a kan dogon ƙarfe yana fesa ɗigo-ɗigon launuka huɗu, shuɗi da ja mai ɗaukar ido da rawaya da baƙi, daga haɗuwarsu kowane launi ke fita. Tawadar tana da sinadarin da ke ɗan cin fuskar roba don ta kama, shi ya sa take da wari mai hawa kai, shi ya sa kuma ruwan sama ba ya wanke ta. Abin da ake bugawa a kai iri biyu ne galibi: fileks, watau shimfiɗar roba mai zare a ciki da ke zuwa a naɗe, da kuma sitika mai danƙo a baya. In an gama a yanke, a naɗe baki, a huda a sa zobban ƙarfe, ko mai walda ya haɗa firam a ja a ɗaure. Kuɗin aiki kuwa da ƙafa ake lissafa shi, tsawo sau faɗi.

Wannan inji yana da sharuɗɗan da buroshi bai taɓa gindayawa ba. Yana son wuta mai ƙarfi ɗaya, don haka sai da janareta da na'urar daidaita wuta. Ba ya son ƙura, ga shi kuwa hunturu ba ya neman izini. In ya kwana biyu bai yi aiki ba tawada takan bushe ta toshe ramukan kan, saboda haka dole a sami aiki kullum. Fileks da tawada da kayan gyara duk daga waje suke, shi ya sa janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin farashin naira a watan da ya biyo baya suka bugi sana'ar ta fuska biyu. Waɗannan sharuɗɗa su ne suka sa injin ya fi zama a manyan garuruwa irin su Funtuwa da Katsina da Zariya da Kano. Abin da ƙaramin gari ya fi riƙewa shi ne matakin farko da na ƙarshe: saurayi mai kwamfuta ya tsara, ya tura ta WhatsApp, a buga a birni, a naɗo a ba direba, shi kuma ya kafa. Sana'ar da a da take ƙarewa a rumfa guda yanzu ta rataya ga hanya da layin waya.

Rashin tsaro ya nuna raunin wannan tsari ƙarara. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku da Funtuwa, aka yi watanni ba a maido su ba. Duk aikin da ke tafiya ta waya ya tsaya ke nan, ko kuwa mutum ya ɗauki aikinsa a aljihu ya hau hanya da kansa. Kafin wannan, a daren 11 ga Disamba 2020, an sace ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su ranar 17 ga watan. Hoton allon ƙofar makarantar ya zaga duniya a wannan mako, da Turanci, da sunan garin yadda taswirar Turawa ta bar shi. Ga mai karanta Hausa, in an tuɓe wa sunan lanƙwasarsa ya tashi daga ruwan da ya daskare ya koma kusa da kankarar tukunya.

Inda lanƙwasa ta maƙale

Ba za a ce kwamfuta ba ta san baƙaƙen Hausa ba. Tsarin Unicode ya ba ƙ da ɗ da ɓ da ƴ lambobinsu tun farkon shekarun 1990, wayoyin zamani kuma suna da allon bugun Hausa. Matsalar tana cikin salon harafi. Mai tsara talla yana son baƙaƙe masu kauri da ado, irin waɗannan kuwa akasarinsu an zana su ne don harsunan Turai kaɗai. In ya buga Ƙ sai wani ɗan akwati ya fito a gurbinta, ko kuwa na'ura ta aro ta daga wani salon, ta tsaya siririya a tsakiyar ƙattai kamar baƙuwa a gidan biki. Mai aiki yana jira, mota tana shirin tashi, sai ya goge ya sa K. Alhali maganin yana cikin manhajar da ke gabansa. CorelDRAW tana ba da damar a mai da harafi zane, a kama gefensa a ja yadda ake so, a yi masa lanƙwasar da ta dace da kaurinsa, a ajiye don gobe. Aikin 'yan mintoci ne, kuma shi ne ainihin abin da mai buroshi yake yi da wuyan hannu. Abin da ya ɓace shi ne sanin cewa wajibi ne, domin mai buroshi yakan shekara da shekaru a gaban maigidansa yana kallon harafi, mai kwamfuta kuwa manhaja ya koya, ba rubutu ba.

Haka abin yake ga raba kalmomi. Rubutun saƙon waya ya hau allo kai tsaye, ana haɗe abin da ya kamata a raba, ana rubuta nada inda ake nufin na da, ko akan inda ake nufin a kan. A da kuskure irin wannan yakan tsaya a allo guda, a gyara shi da shafa ɗaya ta buroshi. Yanzu kuwa ba a gyara fileks sai dai a sake bugawa a sake biya, don haka sai a bar shi ya rataya, ƙafa goma, 'yan makaranta suna wucewa ta ƙarƙashinsa safe da yamma. Malamin Hausa yana da minti arba'in a aji, allon yana da sauran yinin.

Ajami ya fi shan wuya. Mai zanen da ya yi makarantar allo yakan rubuta shi da hannun da jama'a suka saba gani a Alƙur'anin Warshu, inda fa'un ke da ɗigo a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama. Baƙaƙen Larabcin da ke cikin kwamfuta na Gabas ne, fa'unsu ɗigo ɗaya a sama, watau daidai abin da tsohon almajiri zai karanta ƙafun. Ɗigon imala da ake rubuta wasalin e da shi ma ba kowane salo ke da shi ba. Maɗaba'un Kano na da, irin su Oluseyi, sun kauce wa wannan ta hanyar ɗaukar hoton rubutun hannun gwanayen marubuta su buga shi yadda yake. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da salon harafi mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun ƙasar Kano, kyauta kuma ake samunsa, amma labarinsa ya fi yawo a tsakanin masana. Cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, da kuma daga sabuwar naira 100 ta 2014, ya jawo muhawara mai zafi a jaridu. Janyewarsa daga goshin mota da ƙofar shago kuwa a hankali ta faru, babu wanda ya yi shela.

Duk da haka injin ya kawo abin da buroshi bai iya ba. Hoton mutum na ainihi ya hau allo, tela yana nuna ɗinkinsa, makarantar Islamiyya tana buga sanarwar saukarta a kwana guda da kuɗin da a da ba zai sayi gwangwanin fenti biyu ba. Yawan Hausar da ke rubuce a bakin hanya a yau ya ninka na kowane zamani da ya wuce. Masu buroshi ma ba su ƙare ba, bangon makaranta da na asibiti da jikin babbar mota har yanzu nasu ne, da yawansu kuma sun zama masu kafa abin da inji ya buga.

Ga mai neman tarihi, bambancin kayan biyu yana da wani sakamako. Tsohon allon kwano akan shafe shi ne a sake rubutu a kai, saboda haka in rana ta ci fentin sama, sai sunan tsohuwar jiha ko tsohuwar hukuma ya leƙo daga ƙasa, a karanta zamani biyu ko uku a falle guda. Fileks kuwa rana takan kashe launinsa, jan ne ke fara tafiya, iskar bazara ta yaga shi. Wanda ya tsira akan sauke shi bayan zaɓe a yi rufin rumfa da shi, ko a shimfiɗa a shanya masara da barkono a kan fuskar ɗan takara. Asalin aikin yana cikin kwamfutar wanda ya tsara shi, har ranar da za ta cika ya share don ya sami wurin sabon aiki.